Filin Tambaya da Amsa: Wane Takalmi Zan Shiga Kogi da Shi?

Assalamu alaikum masu karatu. Cikin wasiƙun da suka taru mini wannan wata, huɗu sun zo da magana ɗaya, maganar takalmin da ake shiga kogi da shi, don haka na haɗa su wuri guda. Ta farkon za ta ci mana fili da yawa, a yi mini haƙuri, ita ce gindin sauran.

Amma bari in fara da 'yan gida da ba su taɓa ganin fatsar ƙwaro ba, kada mu bar su a baya. A irin wannan su ba a soka wa ƙugiya tana ko gara. Naɗe ta ake yi da zare da gashin zakara ko na agwagwa har ta yi kama da ƙwaron da kifi ya saba cafkewa a saman ruwa. Da yake ƙwaron nan ba shi da nauyin da za a jefa, igiyar ce ake yi mai nauyi, a riƙa kaɗa ta gaba da baya kamar bulala, sannan a sake ta ta kwanta a kan ruwa. Kifayen da aka fi nema da ita, tirawut da salmon, 'yan ruwan sanyi ne mai gudu a kan duwatsu. Kafin ƙwaronka ya isa inda suke sai ka shiga ruwan da kanka, ka tsaya zuwa gwiwa ko cinya, awa uku, awa huɗu, kana matsawa taku-taku. Duk tsawon lokacin nan idonka yana kan igiya, ƙafarka ce kaɗai ke ganin ƙasa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a Dundee, shekarata ta biyu ke nan a Sikotlan. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar nan ya ce idan an buɗe kamun tirawut a watan Maris zai kai ni kogin Tay da rassansa. Na sayi wandon shiga ruwa na hannu, irin wanda ƙafarsa safa ce, babu takalmi a jikinsa. Da na je shago sai mai shagon ya ce tafin felti nake so ko na roba, na rasa amsa na fito. Kawu, ina da takalmin damina na roba, ina kuma da but na hawan dutse. Ba za su yi ba? Ka dai san aljihun ɗalibi.
Ɗalibi, Dundee

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Ka kyauta da ka fito ba ka saya ba, mai tambaya ba ya ɓata.

Takalmin damina dai ka bar shi a bakin ƙofa, kuma zan gaya maka dalili da abin da ya same ni. Ni mutumin Yawuri ne, a bakin Kwara aka yanke mini cibiya, ban kai shekara bakwai ba na iya iyo. Shekarar da na fara fatsar ƙwaro a ƙasar nan na sayi wando mai araha wanda takalminsa ke haɗe da shi, takalmin kuwa ba shi da maraba da naka na damina: roba mai tauri, baki a buɗe, babu igiya. Na shiga kogin Tummel, ƙasa da garin Pitlochry, cikin watan Afrilu, da ƙarfin zuciyar wanda ya san ruwa. Inda muke wanka a gida yashi ne da laka, ƙafa tana nutsewa ta sami mazauni. Ƙasan Tummel kuwa mulmulallun duwatsu ne, daga mai girman ƙwarya zuwa mai girman tulu, kowanne da gansakuka a jikinsa kamar an shafa masa miyar kuɓewa. Ban yi taku goma ba ƙafar dama ta zame ta faɗa tsakanin duwatsu biyu, idon sawuna ya gurɗe a cikin takalmin saboda ba abin da ya riƙe shi, na tafi ruwa har wuya. Sanyin ruwan Afrilu a nan ɗauke numfashi yake yi, iyon da na iya bai ko faɗo mini a rai ba. Wani dattijo da ke su a ƙasa da ni ne ya miƙo sandarsa na kama. Mako shida na yi ina ɗingishi, har yau kuma in hunturu ya shigo wannan sawun yakan tuna mini.

But ɗinka na hawan dutse ya fi, rana ɗaya a ƙaramin rafi mai tsakuwa zai fitar da kai kunya. Sai dai an ɗinka shi ne don ya hana ruwa shiga, abin da ya hana shiga kuwa shi zai hana fita, sai ka riƙa jan ƙafa kamar an ɗaura maka bulo. Safar wandonka ta soson roba ce mai kaurin milimita 3 zuwa 4, da wuya ta shiga takalmin da aka saya daidai ƙafa. Zai yi kwanaki bai bushe ba, gam ɗinsa ya fara saki, ka yi asarar takalmi mai kyau. Na kogi kuwa da ƙananan kafofi a gefensa, kana fitowa ruwan ya tsiyaye.

To, mu koma kan tambayar mai shago. Amsarta ba a shago take ba, tana ƙasan kogin da za ka shiga. Kafin ka koma, ka tambayi abokinka abu uku: me ke ƙasan ruwan, nisan tafiya daga mota zuwa gaɓa nawa ne, kuma za ku shiga jirgi ko a'a.

Felti wani matsattsen zare ne mai kaurin kusan yatsa, kamar an danne bargo har ya yi tauri. A kan dutse mai gansakuka har yau ban taka abin da ya kai shi riƙo ba, domin zaren yana lotsawa ya bi siffar dutsen, ya ratsa yauƙin ya kama. Da ka fito gaɓa kuwa labari ya sha bamban. A kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da taɓo kamar sabulu yake, gaɓar kogunan Sikotlan kuma ciyawa ce da taɓo kusan duk shekara. In ƙanƙara ta sauka, a watan Maris kuwa takan sauka, sai ta dunƙule a tafin ka ji kamar kana tafiya a kan curin fura. Doguwar tafiya tana cinye shi. Babban laifinsa shi ne daɗewa bai bushe ba, zan zo kansa a amsar tambaya ta biyu.

Robar takalmin kogi ba irin ta takalmin damina ba ce. Mai laushi ce, an haɗa ta don ta ɗan manne, kuma kamfanin Vibram na Italiya ne ke yi wa da yawa daga cikin masu ɗinka takalman nan. A kan hanya, a taɓo, a tsakuwa, a yashi, ta fi felti nesa ba kusa ba, tana wankuwa, tana bushewa da wuri. A kan dutse mai yauƙi ne take gazawa, kada wani mai talla ya ce maka ba haka ba ne. Abin da ke cike giɓin shi ne ƙusoshi, wasu gajerun sukurori masu kan ƙarfen tangistin da ake murɗawa a tafin, su huda gansakukar su ciji dutsen. Takwas zuwa goma a kowace ƙafa sun isa. Ka jera su gefe-gefe, wasu a gaba wasu a dunduniya, ka bar wa roba wurin da ita ma za ta taɓa ƙasa. Wasu sukan cika tafin da su suna ganin yawa ne riƙo, alhali sun koma tsayuwa a kan ƙarfe zalla, in suka hau falalen dutse mai sulɓi sai su tafi kamar an tura su. Ka duba tsawonsu tukuna, kada su ɓullo ciki su huda safar wandon. Su ma da nasu aibin: suna ƙara a kan tsakuwa, kifin ruwa mai kwanciya yana ji, in ka taka igiyarka sun yanke ta, mai jirgi kuma ba zai yarda ka taka masa katako da su ba.

Akwai wasu iri biyu da za ka gani a shagon. Ɗaya mai sandunan alminiyam a gicciye a tafi, kamar wanda kamfanin Patagonia ke yi. Alminiyam ƙarfe ne mai laushi, dutse yana kama shi maimakon ya zame, riƙonsa abin mamaki ne, amma yana da nauyi kuma tsadarsa ba ta ɗalibi ba ce. Ɗayan na Korkers ne, mutanen Portland a Amurka, wanda ake zare tafinsa a maƙala wani, yau felti gobe roba. Dabara ce mai kyau ga mai yawon koguna iri-iri.

In ni ne kai, roba da ƙusoshi zan ɗauka, ba zan yi dogon tunani ba. Tay ya fi kowane kogi a Birtaniya yawan ruwa, ƙarfinsa ba abin wasa ba ne, rassansa duwatsu ne, hanyar zuwa gaɓa kuma taɓo ce. Da a ce kudancin Ingila za ka, wajen kogin Test ko Itchen, inda ruwa ke tafiya a hankali a kan farar tsakuwa kuma galibi daga gaɓa ake jifa, da sai in ce roba zalla ta ishe ka, ka adana kuɗin ƙusoshi.

Bayan tafi sai lamba, a nan ne kuma na fi ganin mutane suna zubar da kuɗinsu. Kada ka saya ta intanet a karon farko. Ɗauki wandonka da safar ulun da za ka sa a ranar su, ka tafi da su shagon, ka saka komai kamar za ka shiga ruwa, ba wanda zai yi maka dariya, haka kowa yake yi. Yawanci ana ƙara lamba ɗaya a kan wadda mutum ya saba sawa, amma wasu kamfanonin sun riga sun ƙara a wajen ɗinki, don haka ƙafa ce alƙali. Ka ɗaure igiya tam, ka tsuguna, ka hau matakala, ka doki ƙasa da kan takalmin. Yatsunka su iya motsi, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Takalmin da ya matse yana tsayar da jini, a ruwan da bai wuce digiri 5 ko 6 ba cikin rabin awa za ka daina jin yatsunka, ƙafar da ba ta ji kuwa ba ta san inda ta taka ba. Wanda ya yi yawa kuma ƙafa tana yawo a ciki, safar ta tattare ta yi ninki, a wurin ninkin nan wando ke fara yoyo.

Ka riƙe takalmin da hannu biyu ka gwada murɗa shi kamar mai matse wanki. In ya murɗu cikin sauƙi, mayar musu da abinsu. Wuyansa ya rufe idon sawu ya kama shi, gabansa ya zama da roba mai kauri, domin a rana ɗaya za ka yi tuntuɓe da dutse sau ba adadi. Na fata yana da ƙarko amma yana da nauyi, in ya bushe yakan ƙanƙance ya yi tauri, sai an jiƙa shi kafin ya shiga. Na yadin roba ya fi sauƙi a ƙafa, ya fi saurin bushewa, shi nake ba sabon shiga shawara.

Batun kuɗi, za ka gan su daga wajen fam 70 har sama da fam 300. Wanda zai fita sau goma a shekara ba ya bukatar na sama. Na ƙasa ƙwarai ma ka kiyaye shi, na taɓa sayen wani a wani shago, bai cika wata huɗu ba tafinsa ya buɗe baki a tsakiyar kogi. Araha ba ta ado. Nemi na tsakiya, ko ka tambayi mai shagon ko yana da ragowar samfurin bara, sukan karya farashinsa. In na hannu za ka saya, ka sa babban yatsa ka bi mahaɗar tafi da jiki ko'ina, in ka ga ta fara ɗagawa ka haƙura.

Abu biyu kuma ina roƙonka, ɗana, kada ka shiga Tay babu su ko da takalminka na zinariya ne: bel da za ka ɗaure wandon tam a ƙugu don kada ya cika da ruwa in ka faɗi, da sanda. Ka juya wa ruwa gefenka, kada ka ɗaga ƙafa sai ɗayar ta zauna daram, ranar farko kuma kada ka wuce gwiwa. Lokacin tirawut a Sikotlan daga 15 ga Maris ne zuwa 6 ga Oktoba. A nan ba a yankar lasisin fatsa na gwamnati kamar a Ingila, amma sai ka sayi takardar izini daga masu wannan yanki na kogin. Allah ya ba da sa'a, in ka kama na farko ka rubuto mini.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna zaune a jihar Maryland ta Amurka. Ɗana ya kammala sakandare, fatsar nan ta shiga ransa, za su tafi gandun dajin Yellowstone da abokansa a hutun bazara. Na so in saya masa takalmin a matsayin tukuicin ƙoƙarinsa, sai ya ce kada in sayi mai felti, wai doka ta hana. Me takalmi ya yi har hukuma ta sa masa ido?
Hajiya, Maryland

AMSA: Ranki ya daɗe Hajiya, Allah ya yi wa yaro albarka. Gaskiya ya gaya miki, kuma hanin ya same shi ta gida da ta waje: jiharku ta hana tafin felti tun watan Maris na 2011, gandun Yellowstone kuma ya hana shi tun 2018.

Asalin maganar daga Niyuzilan ta taso. A 2004 aka ga wata irin gansakuka mai suna didimo a kogin Waiau da ke tsibirin kudu. Takan lulluɓe ƙasan kogi da wani kauri kamar jiƙaƙƙiyar auduga, har masu su suka laƙaba mata majinar dutse. Tana danne ƙwarin da kifi ke ci, ta ɓata ruwan da mutane ke tahowa daga ko'ina a duniya don su yi su a cikinsa. Cikin 'yan shekaru ta bazu a kogunan tsibirin da dama. Ƙwayarta ba a ganinta da ido, tana kuma daɗewa da rai muddin tana da laima, felti kuwa samansa yakan bushe alhali cikinsa yana jiƙe har makonni. Mutum ya yi su a wannan kogi yau, ya jefa takalmi a but ɗin mota, mako mai zuwa ya shiga wani kogin, ya kai musu baƙuwa bai sani ba. A watan Oktoba na 2008 Niyuzilan ta hana masu fatsa sa shi. Jihohin Maryland da Vermont suka bi a 2011, Alaska a farkon 2012, da wasu jihohin.

Don in yi wa felti adalci, Vermont ta janye nata hanin a 2016, bayan masu bincike sun nuna cewa didimo 'yar gida ce a yankinsu tun da daɗewa, sauyin yanayin ruwan ne ke sa ta yi ambaliya. Amma ba didimo kaɗai ke hawa takalmi ba. Akwai wata cuta da ke cin guringuntsin 'ya'yan tirawut har su riƙa juyi a wuri ɗaya kamar masu hajijiya. A shekarun 1990 ta kashe kusan kashi 90 cikin 100 na wani nau'in tirawut a wani sashe na kogin Madison, wanda daga cikin Yellowstone ɗin da yaronki zai je yake fitowa. Mutanen wajen sun ga abin da idonsu, shi ya sa ba sa sassauci. A Norwe wata ƙwayar da ke kashe 'ya'yan salmon ta kai hukuma ga zuba guba a koguna sukutum don a fara daga farko. Aisilan kuma tana bukatar a kashe ƙwayoyin cuta a kayan su da aka taɓa amfani da su kafin a shiga ruwanta da su.

Abin da nake so ki gaya masa, Hajiya, roba ba ta wanke shi daga alhaki ba. Igiyar takalmi, harshensa, shimfiɗar ciki, duk suna riƙe laima. A nan Birtaniya ba a hana felti ba, amma tun da aka ga wani baƙon jatan lande mai cinye 'yan'uwansa a tafkin Grafham a 2010 ake ta jan kunnenmu da kalma uku: duba, wanke, busar. Ni ga yadda nake yi. A bakin kogi nake goge laka da ciyawa da buroshi. A gida in cire shimfiɗar ciki, in tsoma takalmin a bokitin ruwan zafi mai digiri 45 na minti 15, sannan in cusa masa tsohuwar jarida in ajiye shi inda iska ke kaɗawa aƙalla kwana biyu. Kada ya ɗora shi a kan hita don sauri, zafi yana kashe gam. Kogi amana ne, wanda ya ci moriyarsa bai kamata ya bar masa cuta ba.

Ki saya masa na roba, a sa ƙusoshi, duwatsun can ma suna da santsi. Sai dai ki haƙura da yi masa ba-zata, ki tafi da shi da wandonsa ya gwada.

TAMBAYA: Salam Baba. Ni ɗan Garwa ne a Kamaru. Na sami aikin rani a wani sansani a bakin kogin Faro, inda baƙi ke zuwa daga Janairu zuwa Maris suna kama tsage da rana, giwan ruwa da dare, duk da fatsar ƙwaro. Ni nake riƙe musu kaya da fitila. Su da manyan takalma, ni da silifas. Irin nasu ba a samunsa a kasuwarmu. Me zan sa?
Matashi, Garwa

AMSA: Yaro, wasiƙarka ta faranta mini rai. Giwan ruwa da tsage kifayen ƙuruciyata ne, ban taɓa zaton zan ga ranar da mutane za su hau jirgin sama su zo neman su da gashin kaza ba.

Silifas ka daina, tun ba da dare ba. Ruwa mai gudu ƙwace shi yake yi, ka koma tafiya ƙafa ɗaya a kan dutse cikin duhu da kayan mutane a hannunka. Wandon shiga ruwa kuwa ba ka bukatarsa, an yi shi ne don sanyi, a zafin Maris na ƙasarku dafa mutum zai yi. Felti ma ba naka ba ne, yashi da doguwar tafiya a busasshen dutse za su gama da shi kafin rani ya fita.

Ka shiga gwanjo ka nemi kambos na masu gudu a daji ko but mara nauyi, mai jikin raga, mai wuya har idon sawu, wanda ba a yi masa shafin hana ruwa ba. Danna tafin da farce, in farcen ya ɗan shiga robar mai laushi ce, ita kake so. Ƙara lamba ɗaya. Daga nan ka wuce wajen mai gyaran takalmi ya zagaye tafin da ɗinki da zare mai ƙarfi, domin gam ba ya jure jiƙa da bushewa kullum. Wannan gata ne da kake da shi wanda mu a nan muke nema da tsada. Ka ce ya huda ƙananan kafofi biyu ko uku a gefen ciki, ƙanana ƙwarai, ruwa ya fita yashi bai shiga ba. Yashi shi ne babban abokin gabarka, in ya shiga tsakanin fata da takalmi awa biyu ya isa ya saɓule maka dunduniya. Sa safa mai kauri doguwa ka ninko bakinta a kan wuyan takalmin. In wani baƙo zai tafi ya ce me kake so, ka ce safar soson roba mai marfin tsakuwa, ta fi maka komai amfani. Ƙusoshi ka bar su, a busasshen falalen dutse roba ta fi su kamu, da dare kuma ƙararsu tana korar kifi.

A yashi ka riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa. Binuwai da Kwara suna da kunamar ruwa, mai faɗi kamar faifai, takan binne kanta a yashi, ƙayar wutsiyarta kuma mugun rauni take yi. Sunan da masana suka ba ta ma daga sunan garinku aka ciro shi. In ka ja ƙafa ka zungure ta sai ta gudu, in ka taka bayanta ne take harbi. Kunamar tudu ma tana son takalmin da ya kwana a waje, ka zazzage shi kowace safiya. A inuwa za ka shanya shi, ba a tsakar rana ba.

Akwai abin da takalmi ba ya tarewa, wato tsargiya. Ƙwayarta daga dodon koɗi take fitowa, ta ratsa lafiyayyar fata ba tare da ka ji ba, ta fi yawa a ruwa mai kwanciya mai ciyawa kusa da inda mutane ke wanka. In aikin ya ƙare ka je asibiti a gwada ka ko ba ka ga jini a fitsari ba, maganinta firazikwantel sananne ne kuma ba shi da tsada. Batun kada da dorina kuwa, ka bi maganar tsofaffin wurin sau da ƙafa, inda suka ce kada a shiga, kada ka shiga ko baƙo ya matsa maka.

TAMBAYA: Malam, ni matsalata salla ce. In na ɗaure takalman nan da sanyin safiya, kwance su don alwala aiki ne, yatsu sun ƙage, igiya ta jiƙe ta ƙulle. Na ga wasu masu waya da ɗan maɓalli da ake murɗawa. Suna da kyau? Kuma ko zan iya shafa a kan safar wandon kamar huffi?
Ɗan'uwanku, Bradford

AMSA: Ɗan'uwa, Allah ya ƙara mana kula da ibada. A Malikiyyar da muka tashi a kanta huffin da ake shafa a kansa na fata ne, da sharuɗɗansa. Hukuncin safar roba ka kai wa malaminka, ka tafi masa da wandon ya gani da idonsa.

Mai wayar nan BOA ake ce masa, irinsa nake sawa yanzu, kuma dalilinka ne ya kai ni gare shi. Ka ja maɓallin waje, takalmi ya saki gaba ɗaya, ko da safar hannu a hannunka. Yana ƙara kuɗi kaɗan, yana son a riƙa ɗauraye shi don yashi, in kuma wayar ta tsinke a bakin kogi gyaranta sai da kayanta, saɓanin igiya da za ka ƙulla ka ci gaba. In ka zauna a kan mai igiya, ka canza ta da mai santsi wadda ba ta shan ruwa, ka riƙa ɗaurin zarge, ka ajiye wata a aljihu.

Ni a gindin mota nake alwala kafin in sa wando, sau da yawa takan kai ni Azahar. A jakata akwai silifas, da ƙaramin tawul, da buta, da fulas na ruwan ɗumi, domin wanke ƙafa da ruwan kogi a watan Maris sannan a mayar da ita cikin safa yana hana ta ɗumi har yamma. Ka goge ƙafar ta bushe sarai kafin ka mayar. Kuma ka cire takalmin nesa da sallaya, ƙusoshin nan taku ɗaya suke yi su yaga ta.